Maɓallan Hagu

Ranar Lahadi da hantsi Malam Sama'ila ya mayar wa Ukasha da kwat ɗin a cikin baƙar leda, ya ce kada ya sake tako masa ƙofar gida. A zaurensa aka yi, a Ikara, cikin makon ƙarshe na watan Agusta, ana yayyafi. Maganar ba ta kai minti biyar ba.

Mukarrama, 'yar Malam ta uku, tana tsaye a bayan ƙyauren da ya raba zaure da tsakar gida. Ta ji komai. Ita kaɗai ce a gidan ta san Ukasha bai taɓa ganin kwat ɗin nan ba sai a wannan safiyar.

Shekarunta ashirin da uku. Ta yi karatun aikin lafiya a Makarfi, a can kuma ta san Ukasha, wanda ke da rumfa a layin 'yan gwanjo. Shekara biyu ke nan yana zuwa zance Ikara a kan babur. Tun daga ƙaramar salla kuma aka sami manemi na biyu, Zainulabidin, mai shagon taki a Kudan, wanda Gwaggo Hajo, yayar Malam, ta kawo da hannunta.

Malam bai yi wa 'yarsa dole ba. Abin da ya ce shi ne, ita za ta zaɓa, amma shi zai duba abin da ta zaɓo. Sai dai ya riga ya ba mutanen Kudan ranar Jumma'a ta farkon Satumba su zo a gaisa, bai kuwa ba mutanen Ukasha rana ba tukuna.

Daga Kudan ana aiko da rake dami-dami, da mazarƙwaila, har da buhun taki biyu da aka sauke a gonar Malam ta Paki. Daga Makarfi gaisuwa ce kawai take zuwa.

Wannan shi ya hana Mukarrama sukuni.

Ba ta iya faɗa wa kowa a gida abin da take gani a rumfar nan ba. Ranar Laraba, ranar kasuwar Makarfi, da sassafe ake fasa dila. Ukasha ya yanke wayar da ta ɗaure ta, dilar ta yi ajiyar zuciya ta kumbura, kaya su zubo a kan tabarma da ƙamshin nan nasu da ba ya kama da na kowane gari. Mukarrama takan tsaya gefe ta lumshe ido. A ranta wannan shi ne ƙamshin tashar jirgin ruwa, ita da ba ta taɓa ganin teku ba.

Shi ya koya mata sayen gwanjo. A zo da wuri, kafin masu shaguna su kwashe zaɓen farko. A ɗaga riga a rana a ga ko ƙwaro ya ci. A duba wuya da hammata, a ja zif sama da ƙasa sau uku. Wadda ta kwanta miki a rai kuma ki ajiye ta gefe kamar ba ki gan ta ba, ki yi cinikin wata.

"Likita," haka yake kiranta, "idonki ne matsalarki. Kina ganin abu sai ya haska kamar fitilar mota. Mai kaya yana hangowa tun daga garin Tashar Yari."

Da ɗan abin da take samu a ɗinkin hula ta riƙa fita kunyar biki. Ƙawayenta a makaranta sun yi ta tambayar wane tela ne nata a Zariya.

Wani lokaci yakan sami abu a aljihu, ya ajiye mata. Tikitin jirgin ƙasa da rubutun da ba Turanci ba. Busasshen ganye mai yatsu biyar. Sai su zauna, ita a kan benci shi a kan dila, su yi ta ƙirƙira wa mai rigar suna da gari da sana'a har a kira azahar.

Mako biyu kafin wannan Lahadin ta roƙe shi abu ɗaya.

"Baba yana fita Paki da asuba a babur, ga markar nan. Ka samo masa rigar sanyi mana, ka kai masa."

"Dilar kwat ba ta iso ba. Sai nan da mako uku."

"Ga waɗancan a igiya."

"Waɗancan ragowar bara ne. Baba ba a kai masa abin da ya kwana a igiya."

Mako uku kuwa ya wuce ranar mutanen Kudan.

Laraba ta zagayo, ta hau mota zuwa Makarfi ba ta faɗa masa ba. Ta kauce wa layinsa, ta bi ta bayan 'yan barkono ta ɓulla can ƙarshen kasuwa, wajen wani tsoho da ke baza kaya a ƙasa ƙarƙashin lema.

A nan ta gan ta.

Doguwar kwat ce ruwan zuma, mai nauyi, cikinta da santsi kamar an shafa mai. Ta ɗaga ta a ɗan hasken da ya rage, babu huda ko ɗaya. Wuya lafiya, hammata lafiya. Ta zura ta a kan hijabinta ta ɓalla maɓallan, yatsunta suka tafi da kansu, ba gardama.

Tana tsaye cikin kwat ɗin ta ga mai ita na farko a ranta: wani dattijon likita mai furfura, yana tafiya a bakin kogi da hannuwa a aljihu, farar ƙanƙara tana sauka a kafaɗarsa a hankali. Daga nan ta ga Baba a cikinta, yana saukowa daga babur, mutane suna tambaya. Ta ji shi yana cewa, yaron nan na Makarfi ne ya aiko. Ta ga ranar ɗaurin aure, ta ga gida mai ɗaki biyu da igiyar shanya a tsakar gida.

Ta manta da cewa ana ajiye abu gefe. Tsohon ya faɗi kuɗi, ta rage kaɗan, ya ce Allah ya sa albarka.

Rana ba ta fito ba a makon balle a shanya kwat ɗin, sai ta rataya ta a kan kujera ta sa kaskon turaren wuta a ƙarƙashi, har ƙamshin dila ya fita. Ranar Alhamis ta makon da ya biyo, da safe, ta durƙusa gaban Malam ta miƙa masa.

"Baba, in ji Ukasha. Ya ce saboda hanyar Paki."

Malam ya juya ta, ya shafa cikin. Mutum ne na kaftani da babbar riga, bai taɓa sa kwat ba. Ya daɗe yana kokawa da maɓallan, ya ce sanyi ne ya daskarar masa da yatsu.

"Ashe yaron yana da hankali," ya ce.

Kwana biyu ya yi a cikinta. Ya je gona da ita, ya je masallacin Jumma'a da ita a ƙarƙashin babbar riga. Mukarrama kuwa kwana biyun nan ba ta san ƙafarta tana taka ƙasa ba. Ta yi niyyar sai an sa wa mutanen Ukasha rana sannan ta ba shi labari su yi dariya.

Ranar Asabar da asuba akwai suna a unguwar. Maza sun cika ƙofar gidan mai jego a kan tabarmi, ana raba goro. Zainulabidin ma ya zo, domin uban jaririn abokin cinikinsa ne. Ya tsuguna ya gai da Malam, ya daɗe yana kallon ƙirjinsa.

"Baba, Allah ya sa ban yi rashin kunya ba. Wa ya kawo maka wannan?"

"Ukasha ne, na Makarfi."

"Ikon Allah. Shi da sana'arsa ke nan." Ya rage murya, amma ba yadda na kusa ba za su ji ba. "Ai ta mata ce, Baba. Rigar maza maɓallanta a dama suke. Dubi waɗannan, a hagu. Ga ƙugun ma an tsuke."

Wani malamin makaranta ya duba tasa rigar, ya duba ta Malam, ya sunkuyar da kai.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma Maiwada yana wurin, taubashin Malam, wanda tun suna yara ba ya raga masa.

"Amarya!" ya ce da ƙarfi. "Ina kika baro gyalen?"

Har liman sai da ya rufe baki da hannun riga.

Malam ya dawo gida da kwat ɗin a hammata, ruwa yana dukansa. Kafin azahar labari ya kai kasuwa. Da la'asar ya buga wa Ukasha waya da kansa, ya ce yana nemansa da safe.

Abin da Mukarrama ta ji ta bayan ƙyaure ke nan. Bayan gaisuwa, Malam ya tura ledar gaban Ukasha.

"Buɗe. Kai ka aiko mini da wannan ta hannun Mukarrama?"

Ta ji ƙarar leda. Ta ƙirga numfashinta har bakwai kafin Ukasha ya yi magana.

"Ni ne, Baba."

"Ka san ta mata ce?"

"Na gani yanzu, Baba. Kuskure ne. A yi haƙuri."

"Shekara nawa kana wannan sana'a?"

"Tara."

"Shekara tara, ba ka san hagu da dama ba? Ko ka sani ka yi don ka ga iyakata, ko kuwa ka raina ni har ba ka tsaya ka duba ba. Ɗauki kayanka."

Gwaggo Hajo ta iso kafin ƙarar babur ɗin ta ɓace. Ta zauna a tsakar gida ta miƙe ƙafa.

"Na faɗa, aka ce na cika baki. Mutumin da ke cin abinci da suturar matattun Turawa, me zai sani na girman manya? Ya mai da ƙanena abin dariya a gaban liman. Ke kuma kin tsaya kina zumɓura baki kamar an kwace miki gado."

"Gwaggo, ba matattu ba ne. Bayarwa suke yi."

"Kin je kin gani? Da ransu suka tuɓe suka ba ki?"

Rigar sanyin da ke jikin Gwaggo a lokacin, shuɗiya mai aljihu biyu, daga rumfar Ukasha ta fito bara. Mukarrama ta dubi rigar, ta kau da kai.

"Yaron Kudan kuwa," Gwaggo ta ci gaba, "ko hankici zai ba ki, a ledarsa yake, da takardar kamfani. Shi ya ceci ubanki. Ba don shi ba da har Sallah yana yawo a rigar Hajiya."

Sai ranar Litinin da rana Ukasha ya ɗauki wayarta. Tana ɗakinta, ta tura ƙofa.

"Me ya sa ka ce kai ne?"

"To me zan ce? In ce 'yarsa ta yi masa ƙarya, a zaurensa, ina baƙo?"

"Ai gaskiya ce."

"Gaskiya ce mai tsada, Likita."

"Kada ka ce mini Likita yau." "Na duba wuya. Na duba hammata. Na ɗaga ta a haske. Duk abin da ka koya mini na yi. Ba ka taɓa ce mini komai a kan maɓalli ba."

"Kayan mata kike saye. Duk naki a hagu suke, me zan faɗa miki?"

Ta tuna yadda yatsunta suka tafi da kansu. Dattijon likitan nan na bakin kogi ya juyo a ranta, sai ga shi mace ce, doguwa, da jaka a hannu.

Ta yi kuka sosai. Bai katse ta ba. Tana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wani yana tayin wando.

"Kwat ɗin tana da kyau," ya ce da ta lafa. "Wallahi zaɓen farko ce. Da ni na fasa dilar, ke zan ajiye wa."

"Kana wasa, Jumma'a mutanen Kudan za su zo."

"Na sani."

"Zan faɗa wa Baba."

"Kada ki faɗa. Fushinsa da ni na kwana nawa ne? In dila ta zo zan sami dattijo ya raka ni, in kai masa ta maza, in durƙusa. Amma in ya ji ke ce, Gwaggo za ta ce ni na koya miki ƙarya. Kuma ba zai sake yarda da zaɓinki ba."

"In kuma kafin dilarka ta zo an ba su rana fa?"

Ta ji yana sallamar mai tayin wandon.

"Ukasha."

"Ina ji. Ki bar shi a kaina kawai."

Ta kwana ɗaya da maganar. Ranar Talata bayan la'asar ruwa ya ɗauke, rana ta fito karo na farko a mako guda. Malam yana zaune a ƙofar turakarsa yana gyara igiyar buhu. Gwaggo ta tafi gidanta, Inna Mairo, mahaifiyar Mukarrama, tana tankaɗe a gindin rariya. Mukarrama ta zo ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ni na sayi kwat ɗin."

Hannunsa bai tsaya ba.

"A Makarfi, ranar Laraba, wajen wani tsoho a ƙarshen kasuwa. Ukasha bai sani ba. Na roƙe shi ya kawo maka, ya ce sai sabuwar dila ta zo, ba zai kawo maka ragowa ba. Ni ce na kasa jira. Na ga ana ta kawowa daga Kudan, shi ba a ambatonsa."

Tankaɗen Inna ya tsaya.

"Kin gama?"

"Na gama, Baba. Ka yafe mini."

Ya ajiye igiyar. Ya dube ta yadda yake duban barkono kafin ya sa masa kuɗi.

"Ranar Alhamis kin durƙusa a nan kin ce shi ne. Yau kin durƙusa kin ce ke ce. Wanne zan ɗauka?"

"Na yau, Baba. Wallahi na yau."

"To. In na yau ne, yaron nan ya zauna a zaurena, na tambaye shi, ya dubi idona ya ce shi ne. Ƙarya ke nan ya yi mini."

"Don ya rufa mini asiri ne."

"Na ji. Gobe in kina gidansa wani abu ya same ki, na tambaye shi, shi ma rufa mini zai yi?"

Ba ta yi tunanin wannan ba. Hawaye suka zubo, ba ta share ba.

"Malam," Inna ta ce a hankali, "yaron da ya ɗauki zagi a kan laifin da ba nasa ba, ai shi ma abin dubawa ne."

"Ina dubawa, Mairo. In kuma na Alhamis ne gaskiya, to yanzu 'yarki ce take ƙarya don ta wanke shi, wataƙila ma shi ya tsara mata." Ya juyo. "Kun yi waya?"

"Jiya."

"Ya ce ki faɗa mini?"

"Cewa ya yi kada in faɗa."

Malam ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, ba dariya ba, ba tsaki ba. Ya miƙa hannu.

"Kawo wayar."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya sa a aljihun kaftani.

"Gobe Laraba. Ina da barkono da zan kai Makarfi. In na gama zan bi ta rumfarsa, in sake yi masa tambayar nan sau ɗaya. Ba zan ce masa kin yi magana ba. Mairo, ke ma ban yarda ki ba ta wayarki ba."

"Baba, wace amsa kake so ya ba ka?"

"Wannan tsakanina da shi ne."

"Mutanen Kudan fa?" in ji Inna.

"Jumma'a tana nan inda take. Abin da zan faɗa musu, sai na dawo."

Mukarrama ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta juya abin ta kowane gefe. In Ukasha ya sake cewa shi ne, ya yi wa Baba ƙarya sau biyu. In ya ce ita ce, ya tona mata asiri a tambaya ta biyu, kuma ba ta san yadda Baba zai ɗauki mutumin da ya yi haka ba. Ita kanta ba ta san wadda take so ta ji ba.

Ranar Laraba ƙarfe bakwai Malam ya ɗaure buhu biyu a babur. Yana cikin tayarwa wayarta ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ciro, ya nisanta ta da ido ya karanta sunan, ya bar ta ta yi ta yi har ta gaji. Ya mayar, ya fita.

Mukarrama ta wuni tana ɗinkin hula a bakin taga. Allura tana shiga tana fita, ita kuwa tana Makarfi. Ta ga an fasa dila. Ta ga Baba ya ratso layin 'yan gwanjo, riguna a igiya suna taɓa masa hula. Ta ga Ukasha ya sauko daga kan dila ya tsuguna. Nan hoton yake tsayawa kullum, bakinsa a buɗe, babu sauti. Sai ta warware zaren ta sake farawa.

Daga Makarfi zuwa Ikara ba ya cin awa ɗaya a babur, Malam kuma bai saba wuce azahar a kasuwa ba. Gwaggo Hajo ta aiko a tambayi kaji nawa za a yanka wa baƙin Jumma'a, Inna ta ce sai mai gidan ya dawo.

An kira la'asar, an idar. Malam bai dawo ba.